Kumburin Da Ke Saukowa Bayan Tiyatar Dajin Dubura: Amsa Ga Mai Saurare Daga Bunkure

Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma magana ce wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba. Saboda haka tun daga farko muna neman gafarar dattawa, dole za mu ambaci wasu sassan jiki da sunansu.

Takardar ta fito ne daga hannun wani matashi a ƙasar Bunkure ta Jihar Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce mahaifinsa manomi ne, shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. An daɗe ana yi masa maganin basir jini bai daina zuwa ba, sai daga baya aka gano ashe ciwon daji ne a dubura. Aka yi masa gashi, sa'an nan aka yi masa tiyata a wani babban asibiti, aka cire duburar ɗungurungum aka ɗinke wurin, aka buɗe masa wata 'yar ƙofa a gefen ciki inda bayan gida ke fita cikin leda. Ya ji sauƙi har ya koma gona. To, bai cika shekara da aikin ba sai wani kumburi ya ɓullo daidai wurin ɗinkin na ƙasa. Da farko kamar lemo, yanzu ya fi haka. In tsohon ya miƙe ko ya yi tari sai abin ya sauko, in ya kwanta ya koma, wani lokaci har ƙugi ake ji a cikinsa. Zama a kan babur ya gagara. Wasu sun ce dajin ne ya dawo, wasu sun ce basir ne ya rasa hanyar fita, wani ma ya ba da shawarar a kira wanzami ya tsaga. Shi kuma tsohon ya ce ya gama da wuƙar likita har abada. Mai takardar yana tambaya: mene ne wannan abu, yana kisa, kuma yana da magani?

To, Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya ba Baba lafiya. Ba a duba mara lafiya ta rediyo, wannan kam ka sani. Amma yadda ka siffanta abin, watau kumburi mai laushi da ke saukowa in an tsaya, ya koma in an kwanta, ga kuma ƙugi a ciki, ya fi kama da ƙaba. Ƙaba ce irin wadda kowa ya sani, sai dai maimakon ta fito ta mara ko ta cibiya, ta bi ta ƙasa, ta gurbin da duburar ta bari. Abin da ke cikin kumburin nan galibi hanjin mutum ne da kansa. Don haka kafin mu ci gaba, maganar wanzami a bar ta. Duk wanda ya sa aska a wurin nan hanji zai yanka, kuma kashi in ya zube a cikin ciki, kwana biyu sun yi yawa. Haka nan kada a yi sakiya, kada a ɗaura magani mai cin fata, kada a gasa da ruwan zafi.

Bari mu yi bayanin yadda abin ke faruwa. Cikin ɗan Adam kamar buhu yake wanda aka tsayar a tsaye, kayan ciki duka nauyinsu a kan gindin buhun yake. Gindin nan kuwa wasu tsokoki ne da Allah ya shimfiɗa a ƙasan ƙugu, su ke tallafe da mafitsara da dubura, da mahaifa ga mata. Ita dubura ita ce ƙarshen babban hanji, tsawonta santimita 12 zuwa 15 ne, watau bai kai taƙi guda ba. Idan dajin yana can sama, likita yakan yanke inda ya lalace ya haɗa sauran, mutum ya ci gaba da zagayawa yadda ya saba. Idan kuwa ya sauko ƙasa har ya kama tsokar da ke riƙe bayan gida, to babu abin haɗawa, sai an ɗebe duka, har da wani sashe na tsokokin gindin buhun nan. Wannan shi ne aikin da aka yi wa Baba.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila mai suna Ernest Miles ne ya bayyana shi a birnin Landan cikin 1908, kuma daga cikin mutum 12 na farko da ya ba da labarinsu, 5 ba su tashi ba. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙarin jini ma bai zama ruwan dare ba. Yau al'amarin ya canza ƙwarai, mafi yawan waɗanda aka yi wa suna tashi su koma gida. Amma matsala guda ta rage tun zamanin Miles: in ka ɗebe abu, ka bar rami. Likita yakan jawo kitse da fata ya ɗinke bakin ramin, to amma fata da kitse ba tsoka ba ne. Kowa ya ga tsohuwar rijiya da aka cike ya san yadda ƙasar ke lotsawa bayan damina ɗaya ko biyu. Sannu a hankali ƙaramin hanji yakan zamo cikin gurbin, ya riƙa tura ɗinkin yana buɗa shi, har ya yi wa kansa jaka a ƙarƙashin fata. Wani lokaci mafitsara ce ke rankwafowa ciki, shi ya sa wasu ke fama da wahalar fitsari tare da kumburin.

Ba kowa ke samun wannan ba. A da, da irin aikin da aka saba, 'yan ƙalilan ne cikin ɗari take damu har su koma asibiti. Amma tun wajen 2007, lokacin da likitocin ƙasar Suwidin suka yaɗa wata dabara ta faɗaɗa yankan domin kada a bar saiwar daji ko kaɗan, an ƙara ganinta, saboda tsokar da ake ɗebewa ta fi yawa, ramin ya fi faɗi. Yawanci takan bayyana cikin shekara ɗaya ko biyu na farko. Abubuwan da ke ƙara jawo ta sun haɗa da gashi, domin naman da aka gasa ba ya saurin haɗewa, da ruɓewar ɗinki bayan aiki, da shan taba, da tari mai naci. Mata ma sun fi samu, musamman wadda aka cire wa mahaifa, domin ƙugunsu ya fi faɗi kuma babu abin da zai tare gurbin. Kada ka ce likitan ya yi kuskure ne. Ana samun haka a asibitocin da suka fi kowane kayan aiki a duniya.

Sai kuma aikin ƙarfi, wanda a nan ne maganar ta shafi mutanen Bunkure da Kura da Garun Malam fiye da mutumin ofis. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya fara bin manyan hanyoyin nan zuwa gonakin Kadawa da kewaye, manomin wannan yanki ba shi da watan hutu. Da an kwashe shinkafa sai gyaran fili don alkama, ana ban ruwan alkama tumatir ya nuna. Buhun taki kilo 50 ne. Buhun shanshera ya fi haka. Ga ɗaga injin ban ruwa a aza a babur, ga kwandon tumatir zuwa Kwanar Gafan, ga tsugunno da sunkuyo wuni guda. Duk sanda mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi don ya ɗaga kaya, to ƙarfin nan kan gindin buhun yake sauka. Ba mu ce noma ne ya kawo wa Baba ƙaba ba, ramin ne asali. Amma komawa ɗaukar kaya da wuri yana iya hanzarta ta, kuma ci gaba da ɗauka yana ƙara mata girma.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, ko tana kisa. Ita kanta, a mafi yawan lokuta, a'a. Bakin irin wannan ƙaba yana da faɗi, hanji na shiga yana fita, ba ta cika shaƙewa kamar ta mara ba. Mutane da yawa suna zaune da ita shekara da shekaru, damuwarsu nauyi ne da ciwo in an daɗe a tsaye, da rashin jin daɗin zama. Amma akwai alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye. In ciki ya kumbura yana murɗa, ana amai, ledar ta zauna babu kashi babu iska, to hanji ya toshe. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ko da an kwanta, yana zafi in an taɓa, shi ma haka. In fatar wurin ta yi siriri tana ƙyalli, ko ta fara gyambo, ko ruwa na tsattsafowa, to tana dab da fashewa, hanji kuwa na bayanta. In fitsari ya tsaya cak, shi ma a tafi. A irin wannan hali a nemi mota a nufi asibiti mafi kusa, ko Kura ko Rano, su duba su tura gaba in ya fi ƙarfinsu. Kada a ba shi abinci ko kunu a hanya, kada a ba shi maganin wankin ciki.

Masu cewa dajin ne ya dawo fa? Ba za mu yi musu dariya ba, domin abin da likita ma zai fara bincika ke nan. Dajin dubura yakan iya dawowa a gurbinsa, kuma shi ma yawanci cikin shekarun farko. Sai dai shi kullutu ne mai tauri, ba ya komawa don an kwanta, ba ya ƙugi, kuma yakan zo da ciwo mai naci wanda ke hana barci, wani lokaci yana sauka har cinya, ko jini da ruwa mai wari, ko rama. Amma ana iya samun biyun tare, ƙaba a waje, daji a ɓoye a ciki. Shi ya sa ba a gyaran ƙabar nan sai an yi hoto. Likita zai duba Baba a tsaye da a kwance, ya ce ya yi tari. Sa'an nan a yi babban hoton ciki da ƙugu, wanda ake kira siti sikan, ko kuma em-ar-ai, a ga abin da ke cikin jakar, a ga faɗin bakinta, a tabbatar babu wani tsiro. Akwai kuma gwajin jini da ake bibiyar masu wannan ciwo da shi. Wannan duk aikin manyan asibitoci ne, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mafi dacewa dai a koma wa likitan da ya yi aikin farko, shi ya san abin da ya ɗebe da abin da ya bari.

To, in hoto ya nuna ƙaba ce kawai, sai me? A nan sai a zauna a yi shawara, domin ba kowace ake yi wa aiki ba. In ƙarama ce, ba ta hana mutum harkarsa, fatar kuma lafiya lau, ana iya barinta a riƙa lura. Mutum ya sa gajeren wando mai kama jiki, ko a yi masa ɗamara mai bi ta matsematsi ta tallafe wurin, ya daina ɗaukar nauyi. Ɗamara ba ta warkarwa, tallafi ne kawai. Babu kuma wani sassaƙe ko jiƙo ko kafso da ke ɗinke ramin tsoka. Wanda ya ce maka yana da shi, kuɗinka yake so. In kuwa tana girma, ta hana zama da tafiya, ko ta taɓa fitsari, ko fatar ta fara lalacewa, ko hanji ya taɓa toshewa, to tiyata ita ce magani. Yadda ka kwatanta ta Baba, da alama ta doshi wannan rukuni, amma likitan da ya gani da ido shi ke da ta cewa.

Aikin kansa ta hanya biyu ake shigarsa, wani lokaci a haɗa duka. Ko dai a bi ta ƙasa, ta tsohon ɗinkin, mara lafiya na kife ko an ɗaga ƙafafunsa, a buɗe jakar a mayar da hanji mazauninsa. Ko kuma a bi ta ciki, a tsaga ko a yi 'yan huje-huje a zura na'ura mai ido, a jawo hanjin daga sama. Bi ta ƙasa ya fi sauƙi ga jiki. Bi ta ciki kuma yana ba likita damar ganin ko'ina, ya raba hanjin da ya manne, ya ƙara tabbatar da babu daji. Mayar da hanjin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce me za a rufe ramin da shi.

Ɗan kasuwa ya san in gindin buhu ya ɓarke da faɗi, ka ja bakin biyu ka ɗinke da zare kawai, zubi ɗaya zai sake yagewa. Sai ka sa faci. Haka abin yake a nan, ɗinki zalla shi ya fi saurin warwarewa, shi ya sa yawancin likitoci yanzu suke sa faci. Facin da aka fi samu wata raga ce ta roba, wadda ake shimfiɗawa a ɗaure ta a sauran tsoka da jijiyoyin da ke jikin ƙashin ƙugu. Naman jiki yakan tsiro ya ratsa idanunta har su zama abu guda, kuma ba a cire ta. Hatsarinta biyu ne: in ƙwayar cuta ta kama ta tana da wuyar magani, kuma in ta goga hanji kai tsaye tana iya manne masa ko ta huda shi. Don haka akan sa mai rufi a fuska ɗaya, ko a jawo shimfiɗar kitsen nan da ke lulluɓe da hanji, wadda duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san ta, a sa a tsakani.

Akwai wani facin da ake yi da fatar dabba ko tantaninta da aka sarrafa. Yana da tsada ainun, ba a cika samunsa a nan ba, amma ya kamata Musulmi ya san cewa wasu daga fatar alade ake yin su, wasu daga saniya. In an ambaci irinsa, Baba na da ikon ya tambayi daga me aka yi, ya kuma nemi fatawar malamai in ta kama. Dabara ta uku ita ce a yi facin da naman mutum na kansa. A ɗago wata siririyar tsoka daga cikin cinya, ko wani sashe na tsokar ɗuwawu, ko ta gaban ciki, a juyo ta da jijiyar jininta a cike gurbin. Wannan ya fi dacewa da wanda aka gasa wa wurin sosai ko wanda fatarsa ta lalace, domin nama ne mai rai aka kawo. Sai dai aikin ya fi tsawo, ga ciwo a wuri biyu, kuma yana bukatar likitan da ya ƙware a dashen nama.

Gaskiya guda da ba za mu ɓoye maka ba: ko an gyara tana iya dawowa. In aka tattara rahotannin likitoci na ƙasashe dabam-dabam, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar takan sake fito masa, kuma ciwon ƙasan nan yakan yi jinkirin warkewa ko ya yi ruwa. Har yanzu likitoci ba su haɗu a kan cewa ga hanya ɗaya da ta fi sauran ba. Amma ka juya lissafin, uku ko huɗu cikin waɗannan sun rabu da ita ke nan. Ka kuma gaya wa Baba cewa wannan ba irin aikin farko ba ne. Ba a sake cire masa komai, gyaran gurbi ne.

Abin da ke hannunku ku iyali shi ne kafin aiki da bayansa. In yana shan taba ya bari tun makonni kafin ranar. In akwai ciwon sukari a daidaita shi. In akwai tari a nemi dalilinsa a magance, haka ma in yana nishi wajen fitsari. A ciyar da shi abin da ke gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono, duk kuna da su. Bayan aiki zai yi kwanaki a asibiti da robar fitsari da wata mai janye ruwa daga ciwon. Za a hana shi zama daram a kan wurin na ɗan lokaci, sai kwanciya ta gefe da 'yar tafiya. Salla kuwa, addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi ta yadda zai iya. Babur a haƙura da shi har sai likita ya yarda. Ɗaukar kaya kuwa akan hana na wata biyu zuwa uku, mu kuma a ganinmu mutumin da aka yi wa faci a wannan wuri ya yi sallama da buhun taki ke nan. Ya je gona ya tsaya a kan kunya ya nuna da sanda, ku yara ku ɗauka. Tun da ba aikin gaggawa ba ne, kuna iya roƙon likita a sa ranar bayan an kwashe alkama da tumatir, lokacin akwai ɗan abin hannu kuma akwai mai jinya. Amma kada a yi ta ɗagawa daga kaka zuwa kaka har fatar ta fashe, domin aikin gaggawa ya fi tsada kuma ya fi hatsari.

Ku duba gefen ƙofar cikin ma. Ƙaba a kewayen wurin leda ta fi ta ƙasa yawa nesa ba kusa ba, kuma in akwai ta ya kamata likita ya sani tun kafin ya tsara aikin.

Akwai wata magana a farkon takardarka da ba za mu wuce ta ba, inda ka ce an daɗe ana maganin basir. Wannan labari likitocin Nijeriya sun gaji da jin sa. Yawancin masu dajin dubura a ƙasar nan a makare suke zuwa, da yawansu kuma ba su kai shekara 50 ba. A yankinku abin ya fi rikitarwa, domin mai shiga ruwan ban ruwa yana iya kamuwa da tsargiya, wadda wani nau'inta ke sa jini a bayan gida, ga atuni, ga basir ɗin na gaskiya. Duk jini ne, ido ba ya rabewa. Wanda ya ga jini ko majina a bayan gida fiye da 'yan makonni, ko yanayin zagayawarsa ya canza, ko yana jin bai gama ba alhali ya gama, ko yana ramewa, to ya je likita ya duba da yatsa, in ta kama a zura na'ura. Minti biyu ne, kunya ce kawai. Ƙaramin tsiro da aka kama da wuri sau da yawa ana cire shi ba tare da an rasa dubura ba. Kai da 'yan'uwanka kuma, da yake mahaifinku ya yi wannan ciwo, ku faɗa wa likita ya gaya muku shekarun da ya kamata a fara duba ku, domin yakan bi jini a wasu gidaje.

Ranar da za ku koma asibiti ku tafi da katinsa, da takardar sallama ta aikin farko, da sakamakon naman da aka auna, da takardun gashi, da duk hotunan da aka taɓa yi. Ku riƙe ledoji na canji. In kumburin yakan ɓace da safe, ku bar shi ya ɗan yi tsayuwa da zirga-zirga kafin a kira shi, don likita ya gan shi yadda yake. A samo mota a shimfiɗa masa ya kishingiɗa ta gefe. Muna jiran takardarka ta biyu mu ji yadda aka yi. A gaida Baba, Allah ya ƙara sauƙi.